Fatawa: Maganin barin ƙwaya da ladan da ake turowa ta waya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Bronx, birnin New York. Maƙwabcina Musulmi ne, baƙar fatan Amurka, ya daɗe yana fama da fentanil (wata ƙwaya mai ƙarfi dangin afyuni) da hodar iblis. Yanzu likita ya ɗora shi kan buprenorphine, maganin barin fentanil, aka sa masa wata manhaja a waya: yakan yi gwajin yawu a gaban kyamara, in ba a ga ƙwaya ba sai a turo masa 'yan daloli. Wasu a masallacinmu sun ce ya bar haram ya kama haram, kuɗin kuma caca ne.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya saka maka da ka damu da maƙwabci.

Gaskiya ne buprenorphine dangin afyuni ne, kuma masu hanawa suna kafa hujja da hadisin Ɗariƙ bin Suwaid a Muslim, inda Annabi (SAW) ya ce giya cuta ce, ba magani ba. Amma hadisin a kan giya yake. Malamanmu na Malikiyya, irin su Alƙarafi, sun bambanta mai sa maye da mai dusashe hankali kawai, sun halatta ɗan abin da bai taɓa hankali ba daga na biyun. Adadin da likita yake ƙayyadewa yana kashe ƙishin ƙwaya, mutum ya yi sallarsa, ya je aikinsa da hankalinsa. Halal ne muddin bai wuce ƙa'ida ba, bai kuma sayar ba.

Ku ji tsoron Allah, kada wani ya sa shi ya daina. Wanda ya bar maganin ya koma wa fentanil, abin da jikinsa ya saba ɗauka a da zai iya kashe shi yanzu. A 2022 sama da mutum 100,000 ƙwaya ta kashe a Amurka, kuma tun 2020 kason mutuwar baƙar fata ya haura na farar fata, ga shi su ne ba a cika rubuta wa wannan maganin ba.

Kuɗin kuwa ji'ala ce, wato ladan da ake alkawarta wa duk wanda ya cika wani aiki, kamar kayan raƙumin da aka yi alkawari a Suratu Yusuf, aya ta 72. Caca sai mutum ya zuba nasa, shi kuwa bai zuba ko sisi ba. Hodar iblis ba ta da maganin da hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta amince da shi, shi ya sa likitoci suke dogara da wannan lada. Sharaɗi ɗaya: kada ya yi maguɗi a gwajin, in ya yi kuɗin haram ne.

Kai kuma ka ajiye Narcan a gida, wato maganin fesawa a hanci da yake farfaɗo da wanda ƙwaya irin fentanil ta yi wa yawa, tun 2023 ana sayensa ba da takardar likita ba.

Wallahu a'alam.