Me ya sa 720,720 take rabuwa ba saura?

Tambaya: Malam, ina sayar da atamfa a Kantin Kwari. Cinikinmu na wata rana ya kama naira 720,720. Da na taɓa kalkuleta na raba wa mutum 7, sai kowa ya tashi da 102,960 cif. Na gwada 9, 11 da 13, duk ba saura. Dace ne kawai?

Amsa: Alhaji, ba dace ba ne, lamba ce ta musamman ka ci karo da ita. Ita ce mafi ƙanƙantar lambar da za a raba da kowace lamba daga 1 har 16 ba tare da ko kwabo ya rage ba.

Sirrin yana cikin tubalanta, wato lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. Idan ka warware ta za ka sami 16 (wato 2 sau 2 sau 2 sau 2) sau 9 (wato 3 sau 3) sau 5 sau 7 sau 11 sau 13. Ukun farko sun ba da 720, ukun ƙarshe 1001. Dubi 1001 ɗin nan da kyau, don ni ita ta fi burge ni. Duk lamba mai gida uku da ka rubuta sau biyu a jere, kamar 315,315, to ka ninka ta ne da 1001, saboda haka dole 7 da 11 da 13 su raba ta. Gwada da kowace ka ga dama a shago.

Rabinta ma, 360,360, tana kaiwa har 15. A 16 ne take cijewa, kowa ya sami 22,522 da kwabo hamsin. Ita kuwa taka sai a 17 take tsayawa, naira 5 ta yi saura.

Wajen rukuni, cika ce ba mara ba. Lambobi 240 ne ke raba ta daidai, kuma duk ƙasa da miliyan babu wadda ta wuce haka. Irin waɗannan, da suka fi duk na ƙasa da su yawan masu raba su, Ramanujan na Indiya ya yi dogon rubutu a kansu a 1915. Tun kafin shi, littafin Nikomakus Bagirke, wanda Sabit bin Kurra ya mayar Larabci a Bagadaza, ya kasa lambobi uku: tammi, naƙisi da za'idi. Tammi kamar 28 ce, wadda masu raba ta, ban da ita kanta, suke haɗuwa su ba da 28 daidai; idan suka gaza lambar naƙisi ce, idan suka wuce ta za'idi. Taka za'ida ce ƙwarai, domin nata sun haɗu sun kai 2,529,072, fiye da ninkinta uku da rabi.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a Kano. Malamin gado idan tumuni (ɗaya bisa takwas) da sudusi (ɗaya bisa shida) suka haɗu masa, kan 24 yake gina mas'ala, don ita ce ƙaramar lambar da 8 da 6 suke rabawa. Hanyar da ta kai shi 24, ita ce ta kai ka 720,720.