Basarake ne ko mai gandu?

Wata ɗaliba da ke fassara tarihin Jan Zamoyski, wani babban jigon ƙasar Foland na ƙarni na 16, ta aiko tana tambaya: "Malam, kalmar szlachcic da mutanen Foland ke kiransa da ita, in ce basarake? Kuma wane karin maganar Hausa ya dace da nasu da ke cewa szlachcic a 'yar gonarsa daidai yake da gwamna?"

Malama, kada ki yi saurin cewa basarake. A Hausa, sarauta naɗi ce. Sai an ɗaura wa mutum rawani kafin a kira shi hakimi ko dagaci, kuma wanda ya naɗa shi yana iya tuɓe shi. Shi kuwa szlachcic, a tarayyar Foland da Lituwaniya da aka ƙulla a Lublin a 1569, galibi da matsayinsa ake haifarsa. Su ne ma suke zaɓen sarki tun daga 1573. Wani yana da garuruwa, wani da hannunsa yake riƙe garma, amma a gaban doka duk ɗaya suke. Ni "ɗan asali mai ƙasa" na fi so, ki bar basarake sai inda mutumin ya riƙe muƙami.

Zamoyski ya haɗa duka biyun. An haife shi a 1542, ya yi karatu a Padua ta Italiya, ya zama kamar wazirin ƙasa a 1578, sannan babban kwamandan yaƙi a 1581. Ya kafa birnin Zamość a 1580, daga baya ya gina makaranta a ciki. Ya rasu a 1605.

Inda nake roƙon ki tsaya ki yi hattara shi ne gonarsa. Irin wannan babbar gona da suke kira folwark, ki ce gandu, ya zauna daram. To amma aikin da manoma ke yi a ciki, wanda suke kira pańszczyzna, kada ki kuskura ki ce gayya. Gayya da roƙo ake kiranta, a dama fura, a yi kiɗa, kowa ya koma gida da yamma. Wancan kuwa dole ce. Dokar 1520 ta ɗora wa manomi aƙalla yini ɗaya a mako, daga baya kwanakin suka yi ta ƙaruwa, ga shi tun 1496 an taƙaita masa barin ƙauye. Hatsin da ya noma ake lodawa a jiragen ruwa ta kogin Vistula zuwa Gdańsk, birnin da ke bakin teku. Aikin tilas, haka za ki rubuta.

Batun karin magana, mafi kusa shi ne "kowa a gidansa sarki ne". Sai dai namu ya game kowa, har mai bukka ɗaya. Nasu bai ƙirga manomin da ke huɗa a gandun ba, don haka ki ɗan yi wa mai karatu bayani a gefe.