Ƙudan gashin zakara da haƙorin tsage

Ka tambaye ni ko ƙudan ƙaryar nan da ka gani a wayarka, Turawa na jefawa cikin rafi suna tsokanar juna a kan wanda kifinsa ya fi girma, zai yi mana aiki a ruwan Yawuri. To ajiye wayar, yaro, ka buɗe kunne.

Kifin da suke bi sunansa tirawut, ɗan ruwan sanyi ne mai gudu kan duwatsu. Zafin ruwa ya haura digiri 20 sai ya fara galabaita, shi ya sa a Afirka sai tsaunuka irin na Kenya da Lesoto ake samunsa. Ƙudan kuwa gashin wuyan zakara ne ake naɗawa a ƙugiya da zare. Ba shi da nauyi ko kaɗan, igiyar ce mai nauyi, ita ke kai shi inda ake so. Dabarar duk ɗaya ce, ka nuna wa kifi kamannin abin da yake ci a ranar. Iyayenmu sun san wannan tun kafin a datse Kainji a 1968. Duk wanda ya ga kifin kawara na tsalle kan shinge, garar nan mai fiffike, a farkon damina ba sai an karantar da shi ba. Ɗaurin ƙugiya kuwa kada ma ka tambaye ni.

Abin da ke ci mini rai shi ne wani mai kuɗi da ya zo daga birni da abokansa biyu, da sandar fatsa mai tsada da akwati cike da ƙudajen nan. Ya ɗauke ni da jirgina kwana uku, kifin tsage yake so. Muka yi ciniki da baki, ban karɓi kafin alƙalami ba saboda na ga babbar riga. Man inji ma bashi na ciyo.

Na ce masa, Alhaji, tsage ba kifin Turawan nan ba ne, haƙoransa aska ne, ka sa siririyar wayar ƙarfe kamar taƙi ɗaya tsakanin igiya da ƙugiya. Ya ce ƙarfe zai kori kifi. Abokansa suka kwashe da dariya, suka raɗa mini Farfesa. Ba'a ba ta damuna, mu masunta da ita muke cinye dare a kan ruwa, amma muna yinta ne da wanda ya san aikin.

Rana ta biyu da hantsi, gefen wasu duwatsu, tsage mai tsawon hannuna ya cafke ƙudan, ya tashi sama jelarsa ja tana walƙiya, ya girgiza kai sau ɗaya, igiya ta dawo fayau. Sau bakwai aka yi haka kafin magariba. Washegari ya ce wai inda babu kifi na kai shi. Da muka fito gaɓa ya ce bari ya ɗauko kuɗi a mota. Ƙurar motar kawai na gani.

Kallina kuma, wato ragar da na kafa, yana ruwa kwana ukun nan ba dubawa, kifin ya ruɓe a ciki, ragar ta yayyage. Akuyar uwargida aka sayar aka biya mai. Har yau ban yafe ba.

Ku yaran yanzu kallon minti biyu ya ishe ku ku ce kun iya. In da gaske kake, gobe da asuba ka figo farin gashin zakara, ka nemo wayar ƙarfe, mu gwada wa tsage. Ta hannunka kuwa ka bar ta gida.