Ina son zama mai bincike a fannin injiniyancin ƙasa da harsashin gini: akwai makoma?

Tambaya: Assalamu alaikum Dokta. Na kammala digirin farko a injiniyancin gine-gine, yanzu ina yi wa ƙasa hidima a Numan ta Jihar Adamawa. A duk darussan da muka yi, wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne na ƙasa da harsashin gini, har nake sha'awar in zurfafa in zama malamin jami'a mai bincike a kansa. Sai dai abokaina suna cewa harkar ba kuɗi, ba mu da kayan aiki, kuma duk abin da za a gano Turawa sun riga sun gano shi. Don Allah a yi mini bayani: ta ina ake farowa, kuma akwai makoma?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa karatu albarka. Cikin maganganu ukun da abokanka suka faɗa, ta farko akwai ƙamshin gaskiya, ta biyu rabi da rabi ce, ta uku kuwa kuskure ne tsagwaronsa. Da ita zan fara, don a kanta komai ya rataya.

Kana Numan, to amsar tana ƙarƙashin takalminka. Baƙar lakar nan da ke shimfiɗe a sassan Adamawa da Gombe da Borno, wadda mutanen yankin Tafkin Chadi ke kira firki suna dasa masakwa a cikinta, tana ɗauke da wani ma'adinin yumɓu mai suna montmorilonayit. Da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta tsage har ka iya zura hannu a tsagar. Duk titin da aka shimfiɗa a kanta, ko ajin makarantar da aka ɗora ba tare da dabara ba, shekara biyu ko uku sai ka ga bango ya dare, kwalta ta yi tudu da kwari. Manomi na sonta, injiniya na jin tsoronta. Wane zurfi ne danshinta ke sauyawa tsakanin Agusta da Afrilu? Nawa take ɗagawa a ƙarƙashin gini mara nauyi? Waɗannan tambayoyi ba wanda zai zauna a Landan ya amsa mana su. Sai wanda zai haƙa rami a wurin, ya dasa na'ura, ya riƙa komawa yana aunawa damina bayan damina.

Dalilin da ya sa fannin bai ƙare ba shi ne, ƙasa ba a masana'anta ake yin ta ba. Rodi da siminti ana sarrafa su bisa ƙa'ida, ka san ƙarfinsu kafin su iso wurin aiki. Ƙasa kuwa yadda Allah ya ajiye ta haka za ka same ta, kuma ramuka biyu da ke da tazarar mita 20 na iya ba ka labari biyu mabambanta. Ilimin ma ba tsoho ba ne. Karl Terzaghi, wanda ake ɗauka uban fannin, a 1925 ya fitar da littafin da ya kafa tubalinsa, kuma taron duniya na farko na masana fannin a Jami'ar Harvard aka yi shi a 1936. Babban abin da ya gano shi ne, nauyin da ke kan ƙasa kasuwa yake biyu: wani ƙwayoyin ƙasar ke ɗauka, wani ruwan da ke cikin ƙofofinta. Ƙarfin ƙasa ya dogara ne da kason da ƙwayoyin ke ɗauke da shi. Idan matsin ruwan ya hau, ƙarfin ya sauka. Da wannan ƙa'ida ɗaya ake fahimtar zaftarewar tudu bayan ruwan sama, da yadda yashi ya koma kamar kunu a birnin Niigata na Japan lokacin girgizar ƙasar 1964 har dogayen benaye suka kishingiɗa ba tare da sun farfashe ba.

To amma an gina mafi yawan wannan ilimi ne a kan yumɓun Turai da Amurka ta Arewa, wanda ruwa ko ƙanƙara suka kwaso suka jibge, kuma galibi a jiƙe yake sharkaf. Tamu jar ƙasa da marmara da burji daban suke. A inda suke dutse ya ruɓe ya haife su, ƙarfe da alminiyam suka ɗaure ƙwayoyinsu, kuma mafi yawan shekara ba su cika da ruwa ba. Gwaje-gwajen da kuka koya a aji, na Atterberg mai auna danƙon ƙasa, da na Proctor mai auna yadda take dannuwa, da CBR mai auna ƙarfinta a ƙarƙashin titi, duk a can aka ƙirƙiro su. Wani injiniyan Ghana, M. D. Gidigasu, tun a 1976 ya wallafa babban aiki kan jar ƙasa yana nuna inda waɗannan ma'aunai ke yaudara, kuma har gobe akwai sauran aiki.

Ni kaina na sha wannan a jikina. Lokacin da nake digiri na biyu na kwaso jar ƙasa buhu-buhu, na zuba a tanda mai zafin digiri 105 ta kwana, sannan na shiga gwajin laushinta. Wata uku ina tara alƙaluma ina murna. Ranar da na kai wa malamina, tambaya ɗaya ya yi mini: "A ina ka busar da ita?" Ashe gasa irin wannan ƙasa na sauya halinta, ƙananan ƙwayoyin su dunƙule su ƙi warwarewa, sai ta nuna maka ba ta da danƙo alhali a fili tana da shi. Haka na zubar da aikin na sake daga farko, da ƙasar da aka shanya a iska kawai. Na yi baƙin ciki a lokacin, amma ranar na gane bambancin mai gudanar da gwaji da mai bincike.

Wannan ya kawo mu batun kayan aiki. Gaskiya ne ɗakunan gwaje-gwajenmu da dama na fama: wuta na ɗaukewa ana tsakiyar gwajin da ke buƙatar kwana uku, na'urar tirayaksiyal da ke matse ƙasa ta kowane ɓangare na iya shekara a lalace saboda ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Na'urar majaujawa irin ta Jami'ar Cambridge, wadda ke juya ƙaramin samfurin madatsa da gudu har ya ji nauyin babba, ba mu da irinta a kusa. Amma Terzaghi da kansa a Istanbul ya yi gwaje-gwajensa na farko, da kayan da ya harhaɗa da hannunsa. Kuma yau babban ɓangare na binciken a kwamfuta ake yi, da manhajoji irin PLAXIS, ko shirin da ka rubuta da kanka da Python. Abin da ya fi ƙaranci a duniyar bincike ba na'ura ba ce, amintattun alƙaluma ne daga fili. Wanda ya shekara biyar yana auna danshi da motsin ƙasa a gefen wani titi a kan firki, yana rubutawa da gaskiya, yana riƙe da abin da manyan jami'o'in waje za su nemi haɗa gwiwa da shi a kai.

Bari in faɗi wani abu da ba kowa zai ji daɗinsa ba. An yi yayin wani irin bincike a jami'o'inmu: a ɗauko ƙasa, a zuba mata tokar ɓuntun shinkafa ko ta tuƙar rake ko ta ɓawon gyaɗa, kashi 2, 4, 6, 8 cikin ɗari, a auna CBR, a ce kashi 6 ya fi kyau, a buga. Tunanin asali mai kyau ne, don siminti da farar ƙasa na da tsada, tokar kuwa a banza take. Amma an maimaita shi har ya gundura, kuma kaɗan ne suka tsaya suka tambayi me ke faruwa tsakanin tokar da yumɓun, ko gyaran zai jure jiƙewa da bushewa sau goma, ko wani ya taɓa shimfiɗa ko da mita 200 na gwaji ya bi shi shekara uku. In za ka shiga wannan layin, ta nan za ka shiga. Kada ka ƙara takarda ta ɗari da ɗaya a kan tsibin.

Hanyar kanta a bayyane take. Digiri na biyu, sannan digirin digirgir, wanda in babu shi ba za ka yi nisa a koyarwar jami'a ba. A Najeriya akan ɗauki mai sakamako mai kyau a matsayin mataimakin malami, ya hau zuwa lakcara na biyu, na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, sannan farfesa, kuma kowane mataki da yawan takardun da ake so ya wallafa. Ban da jami'a akwai cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, da aka kafa a 1978, irin takwararta da ke Kumasi a Ghana. A waje kuma akwai cibiyoyin da bincike ne sana'arsu, kamar NGI ta Oslo a Norway, wadda ke aiki tun 1953 tana haɗa bincike da aikin kwangila.

Shawarata, wadda wasu abokan aikina ba su yarda da ita ba, ita ce kada ka zarce daga hidimar ƙasa zuwa aji kai tsaye in kana da zaɓi. Ka yi shekara ɗaya ko biyu da kamfanin da ke binciken ƙasa kafin gini. Ka tsaya a rana kusa da injin haƙa, ka ƙirga bugun guduma, ka murza ƙasa a yatsunka, ka ga yadda direban rola ke danne burji da yadda ake ha'inci a ciki. Wannan zai taimake ka wajen rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, kuma daga nan tambayar bincikenka za ta fito. Ɗalibin da ya zo mini da tambayar da ta dame shi a wurin aiki ya fi mini wanda ya zo yana cewa "Malam, a ba ni take."

Game da kuɗin karatu, TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na taimaka wa waɗanda suka riga suka zama malamai a manyan makarantun gwamnati. PTDF, hukumar asusun bunƙasa fasahar man fetur, ta fi karkata ga abin da ya shafi mai da gas, don haka in bincikenka kan harsashin gine-ginen cikin teku ne ko ƙasar da bututu ke bi, kana da hujja. Akwai tallafin ƙungiyar Commonwealth zuwa Birtaniya, da DAAD zuwa Jamus, da na gwamnatin Sin. Sharuɗɗansu na sauyawa, sai ka karanta na shekarar da kake nema. A Amurka da Kanada kuwa yawanci farfesa ne ke ɗaukar ɗalibi da kuɗin aikin bincikensa, yana biyansa alawus. Digirin kan ci shekara uku zuwa huɗu a Birtaniya, huɗu zuwa shida a Amurka. Saboda haka malami za ka nema kafin jami'a. Ka karanta takardunsa biyu ko uku na baya-bayan nan, ka rubuta masa gajeren saƙo da ke nuna ka karanta, ka faɗa masa irin ƙasar da kake da ita a gida da abin da ba a sani ba game da ita. Saƙon da aka aika wa mutum hamsin iri ɗaya, daga layin farko ake gane shi. Ka kuma nemi tsofaffin ɗalibansa ka ji halinsa, domin zaman shekara huɗu za ku yi.

Inda kuɗin bincike ke kwarara a duniya yanzu ma ya kamata ka sani. Bayan madatsar tarkacen ma'adinai ta Brumadinho a Brazil ta fashe a Janairun 2019 ta kashe mutum 270, kamfanonin haƙar ma'adinai sun buɗe aljihu don a fahimci yadda irin wannan tarkace ke narkewa farat ɗaya. Ƙasashen Turai na kafa manyan fankokin samar da lantarki a teku, kowace na buƙatar harsashin da zai jure bugun igiyar ruwa sau miliyoyi. Ana kuma gwada amfani da ƙwayoyin bakteriya su haifar da sinadarin da ke ɗaure yashi maimakon siminti. Mu ma muna da namu: madatsun ƙasa da aka gina tun shekarun 1970 suna tsufa. Ta Bagauda ta ɓalle a 1988, ta Alau ta jefa Maiduguri cikin ambaliya a Satumban 2024. Ga zaizayar da ke cinye garuruwa a Anambra, ga taɓon Legas da sai an kafa turaku masu zurfi kafin a ɗora bene. Ƙwararru kan lafiyar madatsu kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan, kuma da ni ne kai da can zan duba.

Saura maganar kuɗi. Ba zan ɓoye maka ba, abokinka da ya shiga kamfanin gine-gine zai riga ka sayen mota. Albashin malamin jami'a a Najeriya bai kai wahalarsa ba, ga yajin aiki, ga aji mai ɗalibai ɗaruruwa, ga takardun jarrabawa da ke cinye lokacin bincike. A waje ma bayan digirgir mutum kan yi shekaru yana aikin bincike na kwantiragin shekara biyu-biyu kafin ya samu kujera ta dindindin, kuma ba kowa ke samu ba. Sai dai fanninmu na da wata falala da wasu ba su da ita: ana neman malaminsa a waje da jami'a. Duk babban gini, gada, ko madatsa sai an binciki ƙasa, kuma idan abu ya rikice, wanda ya zurfafa ake kira. Hasumiyar Pisa ta Italiya da aka rufe a 1990 don tsoron faɗuwa, cikin kwamitin da ya cece ta akwai malamin jami'a, John Burland na Kwalejin Imperial da ke Landan. Suka riƙa zaro ƙasa kaɗan-kaɗan daga ƙarƙashin ɓangaren arewa har ta miƙe da sama da santimita 40, aka sake buɗe ta a 2001. Namu aikin bai kai wannan suna ba, amma rahoton binciken ƙasa da ba da shawara ga masu gini su ke cike giɓin albashin da yawa daga cikinmu.

Tunda kana da sauran watanni a Numan, ka sayi littafin rubutu mai kauri. Ka zaɓi gine-gine uku ko huɗu da suka tsage, ka nemi izinin masu su, ka auna faɗin tsagar da rula duk sati biyu, ka rubuta kwanan wata da ranar da aka yi ruwa, ka ɗauki hoto. Ka ci gaba har damina ta wuce rani ya shigo. In ka gama hidima ka aiko mini da abin da ka tara mu duba tare.