Daɓen katakon fain ya koɗe, in gyara da kaina ko in kira ƙwararre?

Ɗan'uwa fain fa katako ne mai laushi, babban injin nan na goge daɓen katako in ka tsaya da shi wuri ɗaya ko na sakan biyu ne sai ya ci maka rami, ni haka na yi a bakin ƙofa, har yau in rana ta haska sai na gan shi raina ya ɓaci. In ɗaki ɗaya ne yi abinka, amma ka fara nutsa kan ƙusoshi, ka riƙa bin tsawon katakon, samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, lamba 40 sannan 60, 80, 100, ka share ƙura tas kafin banish shafi uku. In ko gidan ne gabaɗaya, ko an sha goge katakon har ya yi siriri, kira ƙwararre kawai.