Me Ya Hana Attajiran Ikko Mallakar Cinikin Teku a Zamanin Turawa?

Tambaya: Malam, na karanta cewa tun kafin a haɗe Kudu da Arewa akwai manyan attajirai baƙaƙen fata a Legas. To me ya sa da aka zo maganar fitar da kaya ƙasashen waje sai sunayen kamfanonin Turawa kawai ake ji, irin su John Holt da UAC (United Africa Company)? Rashin jari ne, ko rashin wayo? (Wani mai karatu daga Zariya)

Amsa: Ba rashin wayo ba ne, kuma da farko ba rashin jari ba ne. Attajiran suna nan. Akwai Taiwo Olowo, akwai R. B. Blaize, akwai Mohammed Shitta-Bey wanda ya gina masallacin da aka buɗe a 1894, har yau yana tsaye a tsibirin Legas. Abin da ya kayar da su shi ne jirgin ruwa da banki sun taru a hannu ɗaya, kuma hannun ba nasu ba ne.

Abin mamaki, jirgin tururi shi ya fara ɗaga su. Bayan Ingila ta yi wa Ikko, wato Legas, ruwan igwa a 1851, ta kori Sarki Kosoko, sannan ta karɓe garin a 1861, cinikin bayi ya mutu, manja da ƙwarar manja suka maye gurbinsa. A da, sai mai jirgin kansa ke iya kai kaya Liverpool. Da Macgregor Laird ya kafa kamfanin African Steamship a 1852, jirage suka riƙa zuwa a kan lokaci sananne, kowa na iya biyan kuɗin dako ya loda gangunan manjansa. Ƙaramin ɗan kasuwa, musamman Saro da suka dawo daga Saliyo da Aguda da suka dawo daga Barazil, sai ya samu wakili a Ingila, ya tura manja, a turo masa yadi da taba da barasa da gishiri.

Amma ka san wani abu game da tashar kanta. Legas ba ta da mashiga mai kyau. A bakin da tafkin ke haɗuwa da teku akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa, yau yana nan gobe ya matsa, igiyar ruwa na dukansa ba dare ba rana. Babban jirgi ba ya iya ƙetarawa, sai ya tsaya can waje. Ƙananan jirage da kwale-kwale ke fita su tarye shi, a riƙa sauko da dila-dilan kaya da igiya yayin da jirgin ke tangaɗi, fasinja ma a kujerar kwando ake zuro shi. Kaya na jiƙewa, wasu su nutse, mutane su halaka. Wani kayan ma sai an wuce da shi tashar Forcados da ke yankin Neja Delta a sauke, sannan ƙaramin jirgi ya dawo da shi Legas. Duk wannan wahalar kuɗi ce, kuma mai ƙananan jiragen shi ke yanka farashi. Sai da gwamnati ta jibge katangun dutse a bakin mashigar, da duwatsun da ake ɗauko wa a jirgin ƙasa daga wajen Abekuta, aka yashe ruwan, sannan babban jirgin wasiƙu ya fara shigowa ciki a 1914. Tashar Apapa kuwa sai a 1926 aka buɗe ta.

To a nan ne Alfred Jones ya shigo. Mutumin Liverpool ne, shi ke riƙe da kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster, wanda ya tattara manyan layukan jiragen Ingila biyu masu zuwa Afirka ta Yamma. A 1894 ya kafa Bank of British West Africa, kakan First Bank na yau. A 1895 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Woermann na Jamus, suka daidaita kuɗin dako, suka fito da wata dabara: za a yi maka rangwamen kashi 10 cikin 100, amma ba za ka karɓa ba sai bayan watanni, kuma da sharaɗin ba ka loda ko buhu ɗaya a jirgin wani ba. Ka ga kullum kuɗinka na hannunsu. Ko baƙon jirgi ya zo da araha, ba ka isa ka kalle shi ba. Idan ka je neman rance, bankin ma nasu ne, kuma ya fi sakin jiki da babban kamfanin Bature mai ofis a Liverpool fiye da ɗan ƙasa mai sito ɗaya a bakin Marina. Ga shi farashin manja ya faɗi warwas tun daga shekarun 1880, riba ta zama sai mai juya kaya da yawa. Ƙanana suka yi ta karyewa, manya suna haɗiye juna, har Lever Brothers ta sayi Niger Company a 1920, aka haɗa ta da African and Eastern a 1929 aka sami UAC.

Mu a Arewa abin ya iso mu ne ta dogo. Layin ya kai Kano a 1911, aka buɗe shi a 1912. Turawa auduga suke hari domin masaƙun Lancashire a Ingila, Jones ɗin nan ma shi ya shugabanci ƙungiyar masu neman audugar. Manomin Kano ya yi lissafinsa, ya ga gyaɗa ta fi, in ba ta sayu ba ma a ci. Waɗanda suka ja akalar abin kuwa tsofaffin fataken goro ne, Agalawa da Tokarawa da makamantansu, masu yara a kowane ƙauye, masu ba da bashi kafin shuka. Bature bai san ƙauye ba, dole ya bi ta hannunsu.

Alhassan Dantata shi ne misalin da ya fi fitowa fili. Ya yi fataucin goro a Gwanja, yana cikin waɗanda suka gane cewa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar ƙasar Gana ta yau zuwa Ikko ya fi jan jakuna wata da watanni. Daga baya ya zama babban mai saya wa Niger Company gyaɗa, sannan UAC. Ana ba da labarin ya kai kuɗin azurfa a kan raƙuma ashirin zuwa reshen Bank of British West Africa na Kano. Amma duba inda ikonsa ya tsaya. Gyaɗa tasa ce daga gona zuwa sikeli. Da ta hau tarago ta nufi Apapa, ta zama ta kamfani, a jirgin da ba nasa ba, a farashin da aka yanke a Liverpool.

Najeriya ba ta mallaki kamfanin jiragen ruwa na gwamnati ba sai a 1959, shekara ɗaya kafin 'yanci, kuma ko shi da hannun jarin Elder Dempster da Palm Line na UAC aka kafa shi.