Ayabar Dala Miliyan Shida da Buhunan Tamale

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na ga wani labari a waya wai an manna ayaba a bango da salatif, wani ya saye ta dala miliyan 6.2. Don Allah wannan ba damfara ba ce? Kuma su wa ke sayar da irin wannan kaya? Daga wata mai karatu a Gusau.

AMSA: Malama, labarin gaskiya ne. Mai aikin ɗan Italiya ne, Maurizio Cattelan. Ya fara fito da shi a 2019 a wani bajekoli a birnin Miami na Amurka, inda gidan sayar da kayan fasaha na Perrotin ya sayar da shi dala 120,000. A watan Nuwamba na 2024 aka kai shi gwanjo a New York, wani attajiri mai suna Justin Sun ya biya wancan kuɗin da kika ji, bayan 'yan kwanaki kuma ya ɓare ayabar ya cinye a gaban 'yan jarida.

Bai yi asara ba, domin abin da ya saya takardar shaida ce, tare da bayanin yadda za a manna ayabar. In ta ruɓe a sa wata. A irin wannan fasahar tunanin da ke bayan aikin ake saye, kayan kuwa ana iya sake su. Don haka ba zan kira shi damfara ba, mai saye ya san abin da ya saya. Amma gaskiyar zuciyata, ayabar nan ba ta taɓa ni ba ko kaɗan.

Masu sayarwa su ne gidajen da ake kira galari. Ki ɗauke su kamar dillalai. Su ke ɗaukar mai fasaha, su baje aikinsa, su kai shi kasuwannin duniya, su yanka farashi, har su zaɓi wanda za su sayar wa. La'adarsu takan kai rabin kuɗin. Na san da yawa, sai dai su ke biyan hayar wuri, da dakon kaya, da inshora, wani lokaci shekaru kafin a sayar da ko guda.

Kada dai ayaba ta sa ki yanke hukunci a kan kowa. Ki nemi aikin Ibrahim Mahama, ɗan Tamale a arewacin Ghana, garin da ke da zangon Hausawa. An haife shi a 1987, ya yi karatu a Kumasi. Kayan aikinsa buhun algarara ne. Ana saƙa buhunan a Asiya, a kawo su Ghana a zuba koko, daga nan su koma hannun masu masara da gawayi har su yi baƙi. Yakan ba 'yan kasuwa sababbi ya karɓi tsofaffin, ya tara mutane su ɗinke su wuri guda, a lulluɓe gini sukutum. A 2015 ya rufe dogayen bangaye da su a babban bajekolin fasaha na birnin Venice a Italiya.

Ranar da na fara ganin hoton aikin, na daɗe ban ajiye wayar ba. Mahaifina gyaɗa ya sayar, kuma ni nake riƙe masa bakin buhu in zai ɗinke. Na san ƙaiƙayin algarara a wuya, na san yadda ake rubuta sunan mai kaya da fenti don kada ya ɓace a mota. Sai ga waɗannan sunayen, da faci, da tabon gawayi, a rataye inda manyan duniya ke ɗaga kai su kalla. Wahalar ɗan dako da ba wanda ke lissafawa ita ce aikin.

Gidan White Cube na Landan ne ke wakiltarsa, kuma masu kuɗin Turai da Amurka ke saye. Wannan yana damuna, domin da wuya mai gawayin da ya ba da buhun ya ga inda aka kai shi. Mahama ya mai da kuɗin gida. A 2019 ya buɗe cibiyar fasaha ta Savannah a Tamale, sannan ya gina wata cibiyar mai suna Red Clay a bayan gari, ya sayo tsofaffin jiragen sama ya ajiye a filin. Yaran makaranta na hawa ciki su ɗauki darasi.